Tsofaffin Wasannin Kwamfuta: Me Ya Sa Suke Ƙin Tashi?

Mai karatu, nakan ji masu ƙorafin cewa sun samo tsohon wasan kwamfuta irin su Prince of Persia, amma da sun latsa sai allo ya yi baƙi, ko kwamfutar ta ce ba ta san zancen ba. A nawa ganin, wasan lafiyarsa lau. Gidan da ya tashi a ciki ne aka rushe.

Gidan kuwa shi ne MS-DOS, babbar manhajar da ta fito a 1981. A zamaninta wasa shi ne mai gida: kai tsaye yake magana da allo da na'urar sauti irin su Sound Blaster, ba ya neman izinin kowa. Wasu ma, kamar Wing Commander na 1990, da saurin kwamfutar suke auna lokaci, don haka idan suka samu mai ƙarfi sai su yi ta gudu kamar an biyo su.

Windows 95 da 98 a kan DOS aka ɗora su, shi ya sa zaman ya ɗore. Da Windows XP ta zo a 2001 sai aka sauya tubali, aka bar wa tsofaffin ɗan ɗaki guda mai suna NTVDM. Windows mai bit 64 kuwa ko ɗakin ba ta da shi, kuma Windows 11 ta 2021 duk irinta ce. Su ma wasannin faifan CD ba su tsira ba, domin Windows 10 ta daina karɓar SafeDisc, wato makullin hana satar fasaha, sai ga mai faifan halal a waje.

Maganin ya fito ne daga Holan a 2002, inda Peter Veenstra da Sjoerd van der Berg suka fitar da DOSBox kyauta. Aikinta shi ne kwaikwayon tsohuwar kwamfuta sukutum, har wasan ya ɗauka a gida yake. Ka girka ta, ka nuna mata jakar wasan, ka kira sunansa. In ya cika gudu ka rage da Ctrl da F11. Da ita kamfanin GOG na Polan, wanda ya fara a 2008, ke sayar da wasannin DOS, sannan a 2015 Internet Archive ta sa fiye da 2,000 a intanet.

Abin da ya fi damuna shi ne adanawa. Littafi ko ya shekara ɗari ido kawai yake buƙata, wasa kuwa sai da injinsa. Jordan Mechner da ya ƙirƙiri Prince of Persia a 1989, shi kansa ainihin rubutun manhajar ya ɓace masa, sai a 2012 mahaifinsa ya tsinci faya-fayan a cikin kwali. Marubutanmu masu ajiye littattafai a filas da waya, sai a yi hattara, a riƙa kwafi.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya yarda.