'Yan Jagora da Filayen Furanni na Tsaunukan Alps

Tsaunukan Alps sun lanƙwashe kamar baka a tsakiyar nahiyar Turai, tsawon kilomita kusan 1,200, sun ratsa ƙasashe takwas tun daga gaɓar Bahar Rum a kudancin Faransa har zuwa kusa da birnin Vienna. Tsakanin inda daji ya ƙare da inda tsandauri da ƙanƙara suka fara, akwai shimfiɗaɗɗun filayen ciyawa, yawancinsu a tsayin mita 1,800 zuwa 2,500. Dusar ƙanƙara takan binne su fiye da rabin shekara. Da ta narke a watan Yuni sai furanni su ɓarke kusan lokaci guda, shuɗi da rawaya da ja, domin tsiron wannan wuri ba shi da lokacin jinkiri: cikin 'yan makonni zai yi fure ya zuba iri kafin sanyi ya komo. Waɗannan filaye ne mutanen birane ke biyan kuɗi a yau don a kai su, su goya jaka, su bi ɗan jagora kwana biyu ko uku a ƙafa. Al'adar ba ta wuce shekara ɗari biyu da ɗoriya ba, amma filayen da hanyoyin sun girme ta nesa ba kusa ba.

Sunan Alps kansa daga bakin makiyaya ya samu ma'anarsa ta yau da kullum. A Jamusancin mutanen Suwizalan, idan manomi ya ce "alp", wurin kiwon da ake kai shanu a lokacin zafi yake nufi. Shekaru aru-aru mutanen kwari suna kora dabbobinsu sama a watan Yuni, su bar su can kimanin kwana ɗari, su sauko da su a Satumba, kamar dai yadda Fulani ke tashi daga ruga zuwa mashekari, sai dai su tasu ƙaurar hawa ne da sauka. Dalilin a fili yake. Ciyawar kwari ba ta isa a ci ta a ɗanye kuma a ajiye ta, don haka sai a bar ta ta girma, a yanka da lauje a shanya, a tara ingiricin da shanu za su ci cikin hunturu. A can sama kuwa madarar da ba za a iya saukowa da ita kullum ba, sai a mayar da ita cuku. Don faɗaɗa wurin kiwo, makiyaya sun sare bishiyoyi sun ƙona kurmi, har suka saukar da iyakar daji ƙasa da inda Allah Ya ajiye ta a wurare da dama. Wani kaso mai yawa na filayen furannin da ake sha'awa yau, gatari da lauje da bakin saniya ne suka samar da su.

Kiwon ma ba kara zube ake yinsa ba. A ƙauyen Törbel da ke yankin Valais, mazauna sun rubuta yarjejeniya kan filayensu na tarayya a 1483, sannan a 1517 suka kafa dokar cewa ba wanda zai kai shanu sama fiye da adadin da zai iya ciyarwa a gidansa cikin hunturu. Wannan doka ta hana mai hali ya sayo garke ya cinye hurumin jama'a. Masaniyar nan ta Amurka, Elinor Ostrom, wadda ta samu lambar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta kafa hujja da wannan ƙauye wajen nuna cewa talakawa na iya tsare dukiyar da suka yi tarayya a kanta ba tare da ta lalace ba.

A wancan zamani baƙo ba ya hawa tsauni don nishaɗi. Fatake da masu ziyarar ibada zuwa Rum da sojoji su ne ke ƙetare mashigai, su ma a kan dole. A mashigar Saint Bernard Babba, mai tsayin mita 2,469, an gina masaukin matafiya tun ƙarni na 11, kuma mutanen ƙauyukan da ke gindinta sukan raka ayari su nuna hanya, su ɗauki kaya, su tono wanda ƙanƙara ta binne. Aikinsu ya yi kama da na jagaban ayari a hanyar Gwanja. Ƙololuwar duwatsu kuwa tsoronta ake ji, ana cewa mazaunin dodanni ne da fatalwa. A da, hukumar birnin Lucerne ta daɗe tana hana hawa dutsen Pilatus saboda imanin cewa duk wanda ya taɓa tafkin da ke kansa zai tayar da guguwa.

Abin lura shi ne, furanni ne suka fara jan masu ilimi zuwa sama, tun kafin a fara gasar taka ƙololuwa. Conrad Gessner, likita daga Zurich, ya ƙudurta a ransa cewa kowace shekara sai ya hau tsauni a lokacin da tsirrai ke fure, kuma a 1555 ya hau Pilatus ɗin da ake tsoro, ya rubuta yadda tsirrai ke sauyawa gwargwadon tsayi. Bayansa da kusan ƙarni biyu, Albrecht von Haller na birnin Bern, likita kuma masanin tsirrai, ya rubuta waƙarsa mai suna "Die Alpen" a 1729, wadda ta sa masu karatu a Turai suka fara kallon tsaunukan da makiyayansu da idon sha'awa. Wani matashi ɗan Geneva, Horace-Bénédict de Saussure, yana tara wa Haller tsirrai, kuma a 1760 ya isa ƙauyen Chamonix. Da ya ga Mont Blanc, dutsen da ya fi kowane tsawo a Alps, mai mita 4,800 da 'yan kai, sai ya sa ladan kuɗi ga duk wanda ya gano hanyar hawansa.

Shekara 26 aka yi kafin a ci wannan lada. Ranar 8 ga Agusta 1786, likitan ƙauyen, Michel-Gabriel Paccard, da Jacques Balmat, wani maharbi mai neman duwatsu masu ƙyalli don sayarwa, suka isa ƙololuwar. A shekarar da ta biyo Saussure da kansa ya hau, da rakiyar mutum 18 'yan ƙauyen, suna ɗauke da kayan awonsa da guzuri. Daga irin su Balmat aka samu 'yan jagoran farko: makiyaya, maharba akuyar dutse, masu haƙar duwatsu, mutanen da talauci ya koya musu kowane lungu na tsaunin. Baƙo ya zo da kuɗi da littafi, su kuma suna da ƙafa da ido da sanin alamun hadari.

Sana'ar ta samu tsari ne bayan wani rashi. A watan Agusta 1820 wani likita mai suna Joseph Hamel ya matsa a ci gaba da hawa Mont Blanc bayan sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba. Ƙanƙarar ta zaftare ta tafi da 'yan jagora uku cikin rami. Sai bayan shekara 41, a 1861, daskararren kogin Bossons ya amayar da ragowar gawarwakinsu a ƙasa. A 1821 majalisar ƙauyen Chamonix ta kafa ƙungiyar 'yan jagora, wadda ita ce mafi daɗewa a duniya a wannan sana'a, kuma tana nan har gobe. Ta tsaya a kan ginshiƙai biyu. Na farko bin layi: baƙon da ya zo, wanda layi ya zo kansa shi zai ɗauka, kamar yadda direbobi ke lodi a tasha, don kada 'yan kaɗan su kwashe ciniki. Na biyu asusun taimako ga wanda ya ji rauni da iyalan wanda ya rasu. Turawan Ingila sun yi ta ƙorafi kan bin layin, domin suna son su zaɓi gwanin da suka sani, kuma a hankali aka sassauta. Asusun kuwa har yanzu ana tara masa kuɗi a bikin 'yan jagora da ake yi kowace ranar 15 ga Agusta. Ƙauyen Courmayeur, a ɓangaren Italiya na Mont Blanc, ya kafa tasa ƙungiyar a 1850.

Tsakanin 1854 da 1865 aka taka yawancin manyan ƙololuwa, akasari Turawan Ingila ne da 'yan jagoransu, aka rufe da hawan Matterhorn ranar 14 ga Yuli 1865, inda mutum huɗu suka faɗo wajen saukowa, ciki har da Michel Croz na Chamonix. Labarin nan ya cika littattafai. Wanda ya fi shafar mai tafiyar ƙarshen mako shi ne abin da ke faruwa a ƙasa-ƙasa a daidai lokacin. A 1863 Thomas Cook ya kawo rukunin farko na masu yawon buɗe ido daga Ingila zuwa Suwizalan, maza da mata masu matsakaicin hali, suka bi mashigai a ƙafa da kan alfadarai. A shekarar ce aka kafa ƙungiyoyin masu hawan tsauni na Suwizalan da Italiya, bayan ta Landan a 1857 da ta Ostiriya a 1862. Ƙungiyar Suwizalan ta gina bukkarta ta farko, Grünhorn, a jikin dutsen Tödi a 1863, kuma yau tana da bukkoki kusan 150. Waɗannan bukkoki su ne zangon matafiyi, inda zai samu gado da abinci mai zafi, saboda haka mai tafiya a Alps bai cika goya tanti da tukunya ba. A 1871 jirgin ƙasa ya fara hawa dutsen Rigi.

Duk da haka, yawon tsauni ya zauna abin masu hali har sai da ma'aikaci ya samu hutu. A 1895 aka kafa ƙungiyar Naturfreunde a Vienna don fitar da leburorin masana'antu daga hayaƙin birni ranar Lahadi. A 1936 Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi. Sai kuma batun hanya. Wani malamin makaranta, Jakob Ess, ya bi da ɗalibansa ta mashigar Klausen, suka sha ƙura da hayaƙin motoci a gefen titi, abin ya dame shi. A 1934 ya jagoranci kafa ƙungiyar hanyoyin ƙafa ta Suwizalan, wadda ta fito da allunan nuna hanya masu ruwan ɗorawa. Yau hanyoyin da aka yi wa alama a ƙasar sun kai kilomita 65,000, kuma tun 1979 kundin tsarin mulkinta ya ambaci kare su. Da yawa daga cikinsu tsofaffin burtalolin shanu ne.

Yawan baƙi ya zo da tasa ɓarnar, kuma furen da ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne edelweiss, wani ɗan farin fure mai gashi kamar auduga, da ke fitowa a kan duwatsun farar ƙasa. Da ya zama tambarin ƙungiyar masu hawan tsauni ta Jamus da Ostiriya, kowane maziyarci sai ya so ya koma gida da shi a hula, yaran ƙauye kuma suka shiga tumɓuke shi suna sayarwa. A 1878 yankin Obwalden ya hana haƙo shi da saiwa, ɗaya daga cikin dokokin kare tsirrai na farko a Turai. Henry Correvon na Geneva ya kafa ƙungiyar kare tsirrai a 1883, ya kuma buɗe lambun tsirran tsauni a Bourg-Saint-Pierre a 1889, don mutane su gani su koya ba sai sun tsinka ba. A 1914 aka kafa gandun ƙasa na Suwizalan a yankin Engadine, inda har yau haramun ne a sauka daga kan hanya, ko a tsinki fure, ko a kafa tanti. Dokar tana da tsauri, kuma ta dace, domin tsiron da ya yi shekaru kafin ya kafu a jikin dutse, takalmi ɗaya ya isa ya kashe shi.

Ƙaruwar masu yawon ƙafa ce ta raba sana'ar jagora gida biyu. Ɗan jagoran ƙololuwa, mai igiya da gatarin ƙanƙara, ya ci gaba da zamansa, kuma a 1965 ƙungiyoyin Faransa da Italiya da Suwizalan da Ostiriya suka haɗu suka kafa tarayyar duniya mai daidaita horonsu. A gefensa aka samu mai rakiya a matsakaicin tsauni, wanda Faransa ta fara ba shi takardar shaidar gwamnati a 1976. Shi ne yawanci ke jan rukunin ƙarshen mako. Ba ya kai mutane kan daskararren kogi. Aikinsa karanta taswira da sararin sama, auna ƙarfin mafi rauni a cikin tawaga, sanin makon da kowane fure ke buɗewa a kowane gangare, da koya wa baƙo ya rufe ƙyauren shinge a bayansa, ya kuma ba saniya mai ɗan maraƙi hanya. Mata sun shigo sana'ar a makare: Martine Rolland ta zama 'yar jagoran ƙololuwa ta farko a Faransa a 1983, Nicole Niquille kuma a Suwizalan a 1986.

Barazanar da filayen ke fuskanta yanzu ta fi ƙarfin hannun mai tsinkar fure. Inda makiyaya suka daina zuwa saboda aikin ba ya biya, ƙananan itatuwa kan mamaye wurin cikin 'yan shekaru, inuwa ta kashe furannin. Inda kuma aka zuba taki da yawa don a samu ciyawa, nau'i kaɗan ne ke rinjaye, sauran su ɓace. Ga ɗumamar yanayi da ke tura tsirran ƙasa zuwa sama, suna matse waɗanda ba su da sauran wurin hawa. Saboda haka gwamnatin Suwizalan take biyan manoma tallafi don su ci gaba da kai dabbobi sama, domin wuraren kiwon tsauni sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noman ƙasar. A watan Disamba 2023 hukumar UNESCO ta sanya al'adar kiwon tsauni ta Suwizalan cikin jerin al'adun gado na bil'adama.