Murɗaɗɗiyar ƙafar jariri: yadda likitoci suka daina yi mata ƙarfi

A cikin kowane jarirai dubu, kusan ɗaya yakan zo duniya da ƙafa a murɗe, tafin yana kallon ciki, diddigen a ɗage. Wani ƙafa ɗaya, wani duka biyu. Jariri ba ya jin zafinta. Sai ya fara tafiya a kan gefen ƙafar, kanta ta fito, takalmi ya ƙi shiga, sannan wahalar take bayyana.

Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, likitan Girka Hippocrates ya bayyana maganinta: a riƙa miƙe ƙafar da hannu a hankali, a ɗaure, kuma a fara da wuri. Waɗanda suka biyo bayansa ba su yi haƙurinsa ba. A 1831 wani likitan Jamus, Stromeyer, ya fara yanke agara ta ɗan ƙaramin tsagi. Wani Bature ɗan Ingila, William Little, wanda ƙafarsa ta murɗe tun yana yaro, ya je wurinsa a 1836 aka yi masa aikin, ya komo Landan yana yi wa wasu. Daga baya aka ƙera ƙarafa na murɗe ƙafa da ƙarfin tsiya, a ƙarni na 20 kuma babbar tiyata ta zama ruwan dare. Ƙafa takan miƙe a ido, iyaye su yi murna.

Wanda ya tsaya ya duba abin da ke biyo bayan murnar shi ne Ignacio Ponseti. An haife shi a Sifaniya a 1914, ya yi jinyar sojoji a yaƙin basasar ƙasarsa, ya yi gudun hijira, ya isa Jami'ar Iowa ta Amurka a 1941. A can ya ga waɗanda aka yi wa tiyata suna ƙanana sun girma da ƙafafu a sandare, masu ciwo. Ya zauna ya nazarci yadda ƙasusuwan ƙafar jariri suke motsi a kan juna, ya gane cewa jijiyoyinta suna miƙuwa idan aka bi su sannu a hankali.

Hanyarsa ke nan. Kowane mako likita ya ɗan juya ƙafar da hannu, ya sa filasta, wadda mutane ke ce wa siminti, daga yatsu har cinya. Sau biyar ko shida yakan wadatar. Yawancin yara akan ɗan tsaga musu agara, a mayar da filasta ta mako uku. Bayan nan sai takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe: awa 23 a kullum tsawon wata uku, sannan lokacin barci kawai har yaro ya kai shekara huɗu ko biyar.

Ya wallafa sakamakonsa a 1963, abokan aikinsa suka yi kunnen uwar shegu da shi shekara talatin. Abin ya yi musu sauƙi da yawa, ga alama. Sai da littafinsa ya fito a 1996, iyaye suka shiga ba juna labari ta intanet suna kai masa 'ya'yansu, sannan likitoci suka waiwayo. Ya rasu a 2009.

A Yuganda aka nuna cewa ba sai ƙasa mai arziki ba. Daga 1999 aka horar da ma'aikatan lafiya a can, aka kuma riƙa ɗinka takalmin da kayan gida a kan kuɗi kaɗan. Yau ana bin hanyar a asibitocin ƙashi na Nijeriya ma.

Inda aikin yake lalacewa tun zamanin Ponseti bai sauya ba, wato takalmin dare. Yaro ya yi kuka, kaka ta ce a cire masa ya huta tunda ƙafa ta miƙe, bayan 'yan watanni ta soma komawa. Idan takalmin yana goge fata ko ya yi kaɗan, a koma asibiti a gyara ko a sake wani, kada a jingine shi.