Makomar Kakanni: Tambayar da Byang Kato Ya Gada

Tun bayan rikicin shekarar 2000, Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka a cikin gari guda. Mazaunin Unguwar Dosa kan san Kiristocin tsallaken kogi a ofis ko a kasuwa, amma da wuya ya san muhawarar da suke yi a tsakaninsu. Ɗaya daga cikin mafiya zafin muhawarorin nan ta shafi wani ɗan Kwoi, kuma tushenta tambaya ce da ta girmi Kaduna da ƙarnuka masu yawa: idan babu tsira sai ta hanyar Almasihu, ina makomar waɗanda suka mutu ba su taɓa jin sunansa ba?

Masu shakka ne suka fara jefa ta. A ƙarni na uku, Furfuriyus, masanin falsafa ɗan birnin Taya, ya rubuta littafi na sukar Kiristanci, inda ya nemi sanin abin da ya sa mai ceto ya jinkirta zuwa har al'ummomi suka shuɗe. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya amsa a wata wasiƙa cewa Almasihu ya bayyana ne a lokacin da ya san za a sami masu gaskatawa. Daga baya, da jayayya ta yi tsanani tsakaninsa da mabiya Pelagiyus kan 'yancin zaɓin ɗan Adam, sai ya koma kan amsar ya gyara ta: ita kanta bangaskiyar baiwa ce daga Allah, ba ƙoƙarin mutum ba. Gyaran ya ƙara wa tambayar kaifi. In bangaskiya baiwa ce, mene ne laifin wanda ba a ba shi ba? A 1762 Rousseau ya sake ɗaga batun a littafinsa Emile, hukuma ta sa aka ƙona littafin a Faris.

A Turai batun na littattafai ne, domin kakannin da ake magana a kansu sun yi nisa. A ƙasar Jaba kuwa ana iya nuna kabarinsu da yatsa. An haifi Byang Kato a Kwoi a 1936, a gidan da ke bin addinin gargajiya, ya karɓi Kiristanci yana yaro a makarantar mishan ta SIM. Ya yi karatu a Igbaja, sannan Landan, ya riƙe muƙamin babban sakataren ECWA daga 1967, ya tafi Dallas a Amurka inda ya yi digirin digirgir. A 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar.

Zamanin na samun 'yancin kai ne, kuma 'yan bokon Afirka sun gaji da jin ana kiran iyayensu arna. Okot p'Bitek na Uganda ya zargi malaman kirista da sanya wa allolin Afirka rigar falsafar Girka don su yi kama da Allahn mishan. John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Ibadan, su kuma limaman coci ne, sun nemi mafita daga ciki: suka nuna cewa Afirka ta san Allah tun kafin zuwan Bature, addinin gargajiya kuma shimfiɗa ce ga bishara. Kato ya hango inda wannan hanya ta nufa. A ganinsa, wanda ya ce kakanni sun tsira da addininsu ya riga ya ce kowa zai tsira, sa'annan Littafi Mai Tsarki ya zama shaida ɗaya cikin shaidu da yawa. Littafinsa na 1975, Theological Pitfalls in Africa, martani ne ga wannan.

Abin lura shi ne bai yi jayayyar daga nesa ba. Mutanensa ya ɗauka misali. Ya yarda cewa Jaba sun san Mahalicci, suna kiransa Nom. Amma, bisa fahimtarsa ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sanin da ake samu daga duban halitta ya isa ya ɗora wa mutum alhaki, bai isa ya cece shi ba. Nan ne mai shakka zai tsaya ya ce: ashe an ba mutum hasken da zai kai shi gaban shari'a, ba a ba shi wanda zai fid da shi ba. Ina zaɓin? Amsar masu ra'ayin Kato ita ce ba rashin jin bishara ake hukuntawa ba, zunubin da mutum ya aikata da saninsa ne. Amsar tana da ƙarfi ta fuskar nassi, sai dai ba ta bayyana dalilin da ya sa gafarar ta iso Kwoi a ƙarni na ashirin, ba a na goma ba. Dole dai a ba shi haƙƙinsa: ya faɗi matsaya mai ɗaci a kan danginsa na jini, bai lulluɓe ta ba.

Musulmi mai karatu ba zai ji batun baƙo ba. Malaman tauhidi sun daɗe suna tattauna hukuncin ahlul fatara, wato waɗanda suka rayu ba manzo ya iso musu, kuma Ash'ariyya da Mu'utazila sun saɓa kan ko hankali kaɗai yana ɗora wa mutum nauyi. Ra'ayin da ya shahara a wurin Ash'ariyya, wanda makarantun ƙasar Hausa suka gada, ya fi na Kato sassauci a wannan gaɓa.

Kato bai rayu ya kare littafinsa ba. Ya nutse a teku kusa da Mombasa a watan Disamba na 1975, yana da shekara 39. A 1992 Kwame Bediako na Gana ya soke shi da cewa ya ɗauko tauhidin Amurka ya yanke Kiristan Afirka daga tarihinsa, magoya bayansa kuma suka ce Bediako bai yi masa adalci ba. Har yau ɗaliban makarantun tauhidi na ECWA a Jos da Kagoro suna karanta ɓangarorin biyu, da yawansu jikokin mutanen da ake muhawara a kan makomarsu.