Komi da rajistansa: aikin biro na yau da kullum a Madawa, Buza da Keita daga 1901 zuwa yau

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buɗe rahotannin zamanin Turawa a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Yamai ya san cewa suna ɗaya ne kawai ke ƙarƙashin kowace takarda, watau sunan kumandan. Mutumin da ya buga takardar, ya sa mata lamba, ya kwafe ta cikin rajista, ya tattara lissafin da ke ciki, ba a ambace shi ba. In an yi sa'a, a kan wasu takardu na baya-baya, a tarar da harufan farko na sunansa a wani lungu na sama. A cikin wannan ƙasida za mu duba aikin wannan mutum, wanda Hausawan Nijar ke kira komi (daga Faransanci commis), na Najeriya kuma akawu, a yankin Adar da Majiya, watau gundumomin Madawa, Buza da Keita na jahar Tawa. Abin da ya ja hankalinmu, mu masu nazarin harshe, shi ne teburin komi wuri ne da maganar Hausa da Tamajak ke shiga ta baka ta fito a rubuce da Faransanci. Abin da ya ɓace ko ya sauya a wannan tsallakawa yana bin mutane har yau a cikin takardunsu.

2. Kafuwar bariki

Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta zana wa Ingila da'ira mai mil 100 kewaye da Sakkwato, abin da ya tilasta wa Faransawa bin hanyar arewa mai ƙarancin ruwa in za su Damagaram. Wannan ne ya ba Adar muhimmanci a idonsu tun farko. A 1901 suka ci Kel Geres da yaƙi a Galma. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara iyaka, tawagar Tilho ta bi ta a ƙasa, sai hanya ta sauko kudu. A 1910 Madawa tana cikin manyan da'irorin mulki na ƙasar soja ta Nijar, tare da Yamai, Damagaram, Gigimi, Agadas da Bilma. Daga baya Birnin Ƙonni ta sha gabanta, amma lokacin samun ƴanci a 1960 Madawa na cikin da'irori 16 na ƙasar.

A shekarun farko sojoji ne ke riƙe da alƙalami. Bayan Nijar ta zama ƙasar mallaka ta farar hula a 1922, takardu suka yawaita, aka buƙaci ƴan Afirka masu karatun Faransanci. Tun da makarantu ba su da yawa a ƙasar, komi na wannan zamani sau da yawa baƙo ne: ɗan Dahome, ko ɗan Sudan ta Faransa, ko ɗan Senegal. Na sama-sama cikinsu sun fito daga makarantar William Ponty, saura kuwa takardar gama firamare ce kawai a hannunsu. Ke nan a biro guda ana iya samun Bature da ba ya jin Hausa, da komi da ya koye ta a kasuwa, da tafinta da ke tsakanin su biyu da talakawa.

3. Aikin yini

Da safe palanto ke buɗe biro ya share. Aikin farko na komi shi ne wasiƙu. Akwai rajista biyu, ta shigowa da ta fita, kowace takarda da lambarta da ranarta da taƙaitaccen abin da ta ƙunsa. Takardar da ba ta shiga rajista ba, a idon hukuma ba ta zo ba. Wannan ƙa'ida ƙarama ce, amma ikon komi daga nan ya fara. Sai bugu da mashin, da baƙar takardar kwafi tsakanin siraran takardu, don a samu na gwamna da na ajiya a bugu ɗaya. Kuskure guda na nufin sake shafi. Akwai rahoton siyasa na wata uku-uku da na shekara, da farashin gero da wake a kasuwanni, da awon ruwan sama, da takardar izinin tafiya, da jerin samarin da za a kai soja. Kafin 1946 akwai wasu rajistoci biyu da talakawa suka fi tsoro: na aikin dole, da na hukuncin da kumandan ke yankewa ba tare da shari'a ba a ƙarƙashin dokar indigénat. An soke su duka a wannan shekara, aikin dole da dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Amma uwar ayyuka ita ce ƙidaya, saboda a kanta lanho yake. Da rani ake fita rangadi, kumandan ko mataimakinsa, da komi, da tafinta, da gardi-sarki. (Wannan kalma ta cancanci a tsaya mata: garde-cercle ce kunnen Bahaushe ya ji, ya mai da cercle sarki, ya kuwa dace da ma'ana.) A kafa tebur a gindin itace ko a ƙofar mai gari. Kowane mai gida ya zo ya faɗi sunansa, da matansa, da ƴaƴansa, da dabbobinsa. Komi ya rarraba su gida-gida cikin layukan rajista: wanda ya isa biya, yaro, tsoho, mai naƙasa. Daga wannan ne ake fitar da jerin masu biyan lanho na kowane gari, a ba sarkin kanto, shi kuma ya bi masu gari.

A lura da abin da wannan tebur ke buƙata. Ba wanda ke da takardar haihuwa, saboda haka da ido ake kimanta shekaru, ko a tambayi mutum ko an haife shi kafin wata yunwa ko bayanta. Daga nan aka samu né vers, "an haife shi wajen shekara kaza", da ke kan katin dattawa da yawa. Yaro ya shiga layin masu biya ko ya saura shekara guda a waje, alƙalamin komi ne ke yankewa. Wanda ya tafi cin rani Sakkwato ko Kano, sunansa na nan, kuma ƴan uwansa za su biya masa. Wanda ya mutu ma yana nan har sai an sake ƙidaya, wadda takan ɗauki shekaru. A garuruwan bakin iyaka kamar Bangi, ƙaura zuwa ƙasar Ingilishi hanya ce ta fita daga rajista. A arewa kuwa, wajen Keita da Tamaske, layin rajista na tambayar abin da ya fi shekaru nauyi: wannan gida a ƙarƙashin wane sarki yake, na gari ko na rukunin makiyaya? Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 kan bauta da aiki a Adar, ta nuna yadda dangantakar iyayen giji da bayinsu ta ci gaba da aiki bayan an haramta bauta a takarda. Rubuta sunan wani a ƙarƙashin sunan wani, a irin wannan wuri, hukunci ne.

Bugu da ƙari akwai lissafin kuɗi. Rajista da faran take magana, Bahaushe da dala, kowace dala faran 5. Wanda aka ce ya biya dala ashirin, 100 za a rubuta. Duk ma'aikacin da ke karɓar kuɗi a Nijar yana wannan fassara a kansa sau da yawa a yini, har yanzu.

4. Abin da alƙalami ya yi wa sunaye

Komi ya rubuta Hausa da ƙa'idar rubutun Faransanci, don ita kaɗai aka koya masa. Sakamakon na kan taswira: Madaoua, Bouza, Tahoua, Ourno, Sabon Guida. Wasalin u da baƙin w duka suka zama ou. Gi ya zama gui. C ya zama tch. J ya zama dj. Wannan ba shi da babbar illa, sabo na gyara shi. Illar tana wurin sautukan da Faransanci bai da su. Ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ ta faɗi, ɗan ya zama Dan, Ƙonni ta zama Konni. Baƙi mai ruɓi ya zama tilo, har Babban Katami na gundumar Buza ya koma kalma ɗaya, Babankatami. Tsawon wasali da karin sauti kuwa ba a ma yi maganarsu ba.

A sunayen mutane abin ya fi tsanani, saboda karin harshe ya shigo. A Adaranci, inda Kano ke da f, ana jin h ko hw. Mutum ɗaya na iya zama Issoufou a wurin komin da ya san asalin sunan, Issouhou a wurin wanda ya rubuta abin da ya ji, Youssouf a wurin wanda ya yi karatun allo. Haka Mahamadou, Mamadou, Mahaman da Mamane. Sannan takardar Faransa na neman nom da prénom, alhali Bahaushe na da sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, kuma matar gida ko ɗan fari akwai sunayen da kunya ba ta bari su faɗa. Sai a rubuta laƙabi a ƙidaya, sunan yanka a makaranta, a juya jerin sunaye a takardar kotu. Duk malamin jami'a ya ga ɗalibin da takardar haihuwarsa da ta jarrabawarsa suka saɓa da harafi ɗaya, aka tsai da dosiyensa sai kotu ta tabbatar mutum guda ne. Mu a ganinmu ba daidai ba ne a kira wannan jahilcin komi. Ba wanda ya ba shi ƙa'ida. Taron Bamako kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma sai a 1966 aka yi shi, ƙa'idar rubutun Hausa da hukumar Nijar ta tsayar ta 1999 ce, kuma ba ɗaya cikinsu da ya shafi rajistar haihuwa.

Kwatanci da ƙetaren iyaka na da amfani. A ƙasar Sakkwato, tafiyar yini guda daga Bangi, Ingilishi sun mai da Hausar boko harshen aikin En'e. Hanns Vischer ya buɗe makarantarsa a Kano a 1909, malamin hakimi na rubuta jerin masu haraji da Hausa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. A can talaka mai ɗan karatu na iya karanta takardar harajinsa. A nan sarakuna na da malamansu masu rubuta wasiƙa da Larabci ko ajami, amma irin wannan wasiƙa ba ta zama takardar hukuma sai an fassara ta.

5. Bayan 1960

Komi bai tsaya a bakin mashin ba. Shi da malamin makaranta ne suka cika jam'iyyun farko, har ana yi wa PPN-RDA laƙabi da jam'iyyar su komi. A Disamba 1963, cikin rigimar tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome, ciki har da ma'aikatan hukuma, kujeru da yawa suka zama wayam a cikin ƴan makonni. A shekarar ne kuma aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan mulki ta ENA a Yamai. Dokar 17 ga Yuli 1964 ta raba ƙasa sabon rabo, Madawa da Buza da Keita kowace ta samu sufirefe a ƙarƙashin Tawa. Baturen ya tafi, rajista biyu na wasiƙu suka zauna, mutane kuma suka ci gaba da ce wa sufirefe kumandan.

A Keita wani sabon komi ya bayyana. Bayan farin 1984, aikin raya karkara na Adar-Dutsi-Majiya, da kuɗin Italiya da kulawar FAO, ya ɗauki dubban mutane, yawancinsu mata, suna jera duwatsu da dasa itatuwa ana biyansu da abinci. Kowane wurin aiki na da mai kiran suna, pointeur, da littafinsa. Matar da bai sa wa alama ba, ranar nan ba ta da rabo. Tsarin na ƙidayar dā ne, sai dai a wannan karo mutane neman shiga rajista suke.

Shekarun 1990 sun yi wa ƙaramin ma'aikaci wuya: an taƙaita ɗaukar aiki, an karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, albashi na yin watanni bai zo ba. Birori suka cika da masu aikin sa kai marasa albashi, waɗanda ke rayuwa da abin da mai neman takarda ya miƙa. Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun bayyana wannan a binciken da suka wallafa a 2007. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya mai da rajistar haihuwa da aure da mutuwa hannun magajin gari, a Tamaske, Garhanga, Ibohaman, Karofan, Azarori da sauransu, dokokin 2007 da 2019 suka sake tsara ta. Kwamfuta ta maye gurbin mashin a wurare da dama, ita kuma ba ta da haƙurin komi: Issoufou da Issouhou mutum biyu ne a wurinta.

A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. In ana son wannan ya sauko teburin magatakarda a Buza, akwai aikin da ya rataya a wuyan sashenmu: jerin sunayen mutane da na garuruwa da rubutunsu na dā da na ƙa'ida gefe da gefe, da matsaya kan ko za a rubuta sunan Ba'adare yadda yake faɗinsa ko yadda daidaitacciyar Hausa ta tanada, da kalmomin rajista kansu, tun daga "shigowa" da "fita" har zuwa jugement supplétif. Tsofaffin rajistocin ƙidaya da suka saura a ma'ajiyar gundumomin uku su ne wurin farawa, kafin gara da ruwan damina su gama da su.