Muryar da ta riga makaɗi

A shekarar 1955, Bernard Fagg, masanin kayan tarihi ɗan Ingila, ya ci karo da wasu duwatsu a Birnin Kudu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Mutanen garin sun daɗe da sanin su, ramukan da bugu ya bari a jikinsu shaida ne. Kowane dutse da muryarsa. Makaɗi ba ya ƙirƙirar ta, zaɓa kawai yake yi.

Haka lamarin fiyanon lantarki yake. A 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da DX7, ɗauke da muryoyi 32 shiryayyu. Tsara sabuwar murya a kansa aiki ne ja, don haka yawancin makaɗa suka tsaya ga na kamfani, har wasu daga cikinsu suka zama tambarin waƙoƙin Amurka na wancan zamani.

Kano ta bi wannan sawu a shekarun 1990, sai dai da ƙananan fiyano samfurin PSR. A ɗakunan kiɗa irin na Iyan-Tama, sarewa da gangunan da ke cikin akwatin suka maye gurbin makaɗan gargajiya. Duk wanda ya ji waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ya san wannan amo. Daga baya kwamfuta ta karɓe aikin da manhajoji irin su FL Studio, aka jingine fiyanon.

A nan hanya ta rabu biyu. Muryar DX7 lissafi ce zalla, jerin lambobi masu gaya wa na'ura yadda za ta haɗa sauti. Shi ya sa manhajar Dexed, wadda kyauta ce, take karanta ainihin fayilolinsa, muryoyi 32 a ma'ajin da bai kai kilobait biyar ba. Muryoyin PSR na lokacin Sangaya kuwa naɗaɗɗun sautuka ne a ƙwaƙwalwar na'urar. Mai son su a kwamfuta sai ya samu fiyano mai rai, ya naɗi maɓallansa ɗaya bayan ɗaya.

Duwatsun Birnin Kudu sun yi ƙarnuka suna riƙe da muryarsu. Fiyano ba shi da wannan juriya: ƙura, zafi da hawa da saukar wutar lantarki suna cin sa. Duk mai tsohon PSR a ɗaki, tarihin kiɗan fim ɗin Hausa yake ajiye da shi. A naɗe shi tun yana magana.