Tafkin Kubanni Daga Bisa Dutsen Kufena

Duk wanda Allah ya hore wa ƙarfin gwiwa ya hau Dutsen Kufena da hantsi a ƙarshen damina, kafin hazon hunturu ya rufe sararin samaniya, in ya bar Wusasa a gindin dutsen ya fuskanci arewa, zai hangi dogon benen hukumar Jami'ar Ahmadu Bello ya yi wa itatuwan Samaru zarra, daga kudancin benen kuma ga wani ruwa kwance yana ƙyalli, wanda baƙo zai ɗauka tafki ne tun fil azal, alhali kuwa a shekarar 1973 aka datse rafin Kubanni aka tara shi. Mutanen Samaru dam ɗin jami'a suke kiransa.

Amma fa al'amarin ruwa a ƙasar Zazzau ya girmi jami'a da ƙarnuka. Masana tarihi sun ruwaito cewa daga garin Turunku sarautar Zazzau ta taso a ƙarni na 16, bayan zamanin Bakwa Turunku, wanda ake danganta Sarauniya Amina da gidansa, kuma daga cikin dalilan da suke kawowa na wannan hijira har da ƙarancin ruwa, domin garin ya cika da fatake da dabbobinsu, abin sha kuwa ya gaza musu. Kufena, inda aka koma, ta fi ni'ima, ga fadamu a kewaye, ga dutse na tsaro. Har wa yau mai lura yana ganin kufan ganuwa a gindinsa, ta zaizaye ta koma tudun jar ƙasa, manoma suna kafta kunyar dawa har jikinta.

Ita Kubanni ba wani babban kogi ba ce. Daga tuddan wajen Shika take tasowa, ta ratsa ƙasar Samaru, ta bi tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, inda gadarta take, sa'an nan ta faɗa kogin Galma. Da damina takan cika ta batse, da rani kuwa sai yashi da 'yan kududdufai. Muddin mazauna gefenta ƙauyawa ne da makiyaya, wannan hali nata bai dami kowa ba. Sai jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu; a 1922 aka buɗe gonar gwajin noma a Samaru; a ranar 4 ga Oktoba 1962 kuma aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunan Sardaunan Sakkwato. Da ɗalibai da malamai da iyalansu suka yawaita, ga ɗakunan gwaje-gwaje, ga garkunan shanun bincike, sai ya tabbata rijiyoyi da famfon gari ba za su ɗauki nauyin wannan jama'a ba, saboda haka a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu jami'a ta yi tadbirin mallakar ruwanta da matatarta. Wannan kuwa ya zo daidai da babban farin da ya halaka dabbobi a ƙasashen Sahel tsakanin 1972 da 1974, lokacin da Gwamna Audu Bako yake gina madatsar Tiga a Kano. A ganina hikimar wannan aiki ba ta gaza ta gina azuzuwa ba, ko da yake ba a cika ambatonsa a jawaban bukukuwa ba.

Sai dai abin da ido ke gani daga bisa dutse dabam, abin da ke ƙarƙashin ruwa dabam. In ka sauka ka je bakin tafkin bayan an ɗauke ruwan sama, za ka tarar da shi ja wur, ga masu lambu suna jan ruwa zuwa fangalin tumatir da albasa, ga balbelu suna takawa a inda dā sai da kwalekwale. Kowace damina ruwa yakan kwaso ƙasar gonaki da ta kwazazzabai, da sharar magudanan Samaru, ya jibge a cikinsa, har malaman labarin ƙasa na jami'ar kanta, waɗanda suka sha auna zurfinsa, suka bayyana cewa laka ta cinye kaso mai yawa na cikinsa. Maganin da suke ambata sananne ne, wato yashe tafkin da dasa itatuwa a gefensa da hana noma har bakin ruwa, amma yasa aiki ne mai cin kuɗi, manomi kuwa ba ya barin fadama don an ce masa ya bari. A 2017 an buɗe sabuwar matatar ruwan Zariya wadda ta dogara da Galma, duk da haka 'yan ga-ruwa ba su daina tura kurar jarkoki a lungunan Samaru da Sabon Gari ba, kuɗin jarka kuwa yakan hau da zarar bazara ta kama.