Kasuwar da Google Ya Kafa Ta Ƙi Ci

A watan Yunin 2011 kamfanin Google ya buɗe dandalin Google+ domin ya karɓe kambun Facebook, wanda a lokacin masu amfani da shi suka kusan kai miliyan 750. Kuɗi akwai, ƙwararru akwai, ga kuma tsarin da ke ba mutum damar ware dangi daga abokan aiki. Cikin mako biyu mutum miliyan 10 suka yi rajista.

Sai dai duk wanda ya leƙa yakan tarar babu nasa a ciki. 'Yan uwa, abokan makaranta da hotunan biki duk suna Facebook, kuma ba wanda zai yi ƙaura shi kaɗai. Ganin haka Google ya koma tilastawa: a 2013 ya wajabta buɗe asusun Google+ ga mai son yin tsokaci a YouTube. Adadi ya kumbura, ƙorafi ya yawaita, amma dandalin bai cika ba.

A Oktoban 2018, yayin da yake bayyana wata kafa da ta bar bayanan jama'a a fili, kamfanin ya amsa cewa kashi 90 cikin 100 na ziyarar dandalin ba ta kai daƙiƙa biyar. A Afrilun 2019 aka rufe shi ga jama'a. Google ya gina rumfuna, masu cin kasuwa ne ba su zo ba.